'Yan ABU set ɗin 1990: ina kowa ya shiga, kuma ya za a yi da waɗanda suka yi shiru?

Ɗan Suleiman Hall:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka yi jami'a zamanin soja, amma kowa ma ya sa baki.

Mu ne muka gama Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) Zariya a 1990, 'yan FASS, wato tsangayar fasaha da kimiyyar zamantakewa, a Samaru, bana 2025 shekara 35 kenan. Waɗanda suka shigo ta SBS, makarantar share fagen shiga jami'a, a cikinmu suna nan ranar 23 ga Mayun 1986 da 'yan sanda suka shigo cikin makaranta suka buɗe wa ɗalibai wuta, muna nan aka ɗauke malamin jami'ar nan Patrick Wilmot aka fitar da shi daga ƙasar a 1988, muna nan aka yi zanga-zangar adawa da SAP, shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida, a 1989, kuma in an ce Dakta Bala Usman, Allah ya jiƙansa, zai yi magana to ko ba kwas ɗinka ba ne sai ka je ko ta taga ka tsaya. Na kawo wannan ne don ku gane irin mutanen da nake magana a kansu, lokacin kowa ɗan gwagwarmaya ne kowa kuma aljihunsa wayam, garin kwaki ɗaya muke sha a ɗaki.

Lokacin korona aka buɗe mana gurup a WhatsApp, aka dinga tono mutane ɗaya bayan ɗaya har muka kusa 90. Wallahi makonnin farko ba a barci. Wanda muke ce wa Kwamared, wanda ba ya buɗe baki sai ya tsine wa 'yan jari hujja, yanzu ɗan kwangila ne a Abuja da tumbinsa da direbansa. Ustaz ɗinmu mai jan mu salla ya zama farfesa. Akwai wanda ya shiga kwastan, akwai manyan daraktoci, akwai wanda aka naɗa hakimi a garinsu bayan rasuwar mahaifinsa, akwai wanda ya ajiye digirin ya kama shago a Kantin Kwari tun 1993 kuma a gaskiya ya fi yawancinmu kwanciyar hankali. Shi kuwa wanda ya fi kowa ƙwaƙwalwa a ajin, wanda duk muke kwafar not ɗinsa, firinsifal ne a wata sakandaren ƙauye har yau. Waɗanda suka rasu da muka lissafa sun haura 10, Allah ya gafarta musu.

To ga matsalar. Yanzu a cikin mutum kusan 90 ɗin nan waɗanda ke magana ba su wuce 15 ba kuma su ɗin ne dai manyan. In an ƙara wa wani girma ko zai aurar da 'ya za ka ga barka barka Allah ya sanya alheri har ɗari biyu, amma kwanaki da aka ce ɗaya daga cikinmu yana wankin ƙoda ana neman taimako, abin da aka tara ko na wata ɗaya bai kai ba. Sauran suna nan suna karantawa, kana ganin alamar sun karanta, amma ko sallama ba sa amsawa. Yanzu kuma kwamiti ya fito da maganar taron cika shekara 35, a otal a Abuja, kowa ya ba da dubu 150 banda kuɗin anko da na mota da masauki. Ni ina cikin kwamitin kuma raina bai kwanta ba, don na san waɗanda za su zo su ne dai waɗanda dama suke haɗuwa a ɗaurin aure duk Juma'a.

Tambayata, ku ya kuka yi a naku set ɗin? Ya ake fito da mutumin da ya ɓoye kansa saboda yana ganin bai zama komai ba, ba tare da ka ƙara masa jin kunya ba?

Tsohon Ɗan Kongo:

Wa alaikumus salam. Malam ni ina cikin irin masu shirun da kake faɗa, ba a gurup ɗinku ba dai, a namu na 'yan Kongo, ɗaya harabar ABU da ke Zariya, akanta na karanta mun gama 1991. Bari in ba ka amsa daga inda nake zaune.

Ni na fara aikin banki ina gama bautar ƙasa, lokacin duk wanda ya samu banki ana ganin ya haye. Na kai manajan reshe, ina da mota biyu, 'yan ajinmu da ke aikin gwamnati a mataki na 8 da na 9 wajena suke zuwa neman rance. Sai Soludo, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, ya zo a 2004 ya ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25, kafin ƙarshen 2005 bankuna 89 sun koma 25, namu aka haɗe shi da wasu, bayan haɗewar aka fara rage ma'aikata kashi-kashi, nawa kason ya zo ina ɗan shekara 41 da yara biyar. Wanda bai taɓa shiga ba ba zai gane ba, a shekarun nan ka yi tsufa da a ɗauke ka sabon aiki ka kuma yi yarinta da ka zauna a gida. Kuma ba mu kaɗai ba ne, abokanmu da suka shiga masaƙun Kaduna haka KTL ta rufe a 2002, UNTL ta biyo baya a 2007, 'yan NITEL, kamfanin wayar tarho na gwamnati, su ma da GSM ta shigo a 2001 kowa ya san yadda aka ƙare. Duk set ɗinmu ne waɗannan. Ba lalaci ba ne, wuraren da muka shiga ne suka rushe da mu a ciki.

Yanzu Alhamdulillahi ina sayar da takin zamani da maganin feshi, ina kuma yi wa 'yan kasuwa lissafin haraji, ina cin abinci ina biyan kuɗin makaranta. Amma abin da ya sa ba na magana a gurup, ranar da aka sa ni a ciki tambayar farko da aka yi min ita ce "Manaja yanzu wane banki kake?" Na ce na bar banki tuntuni, sai wurin ya yi tsit, can wani ya turo min a gefe wai in ina da wata matsala kada in ji nauyi. Ni ban ce ina da matsala ba fa. Da kyakkyawar niyya ya yi na sani, amma daga ranar na gane a wajensu mutum biyu ne kawai, wanda ake taya murna da wanda ake tausaya wa.

Shawarata, kada ka tura sanarwa a gurup ka zauna jira. Ka ɗauki waya ka kira mutum, ka kira shi da sunan da kuke kiransa a hostal, ku yi hirar Samaru da ta wanda ya ƙona muku wake a ɗaki, kada ka tambaye shi me yake yi yanzu, in ya ga dama shi zai faɗa. Kuma dubu 150 ɗin nan ta fi mafi ƙarancin albashi na dubu 70 har ninki biyu, ka tuna firinsifal ɗinku.

Hajiya 'Yar Amina Hall:

Slm. Yayana mai tambaya, na karanta lissafinka tun daga Kwamared har mai shagon Kwari ban ga mace ko ɗaya ba, ko ajin naku ba mata ne? Da wasa nake amma kuma da gaske nake.

Mu matan labarinmu daban ne. Mu 'yan Arewa dama ba mu da yawa a aji, kuma da yawanmu da aure muka gama, wasu da goyo suka rubuta jarrabawar ƙarshe. Bayan nan miji ne ke yanke inda za ki zauna da ko za ki yi aiki. Ƙawata da ta fi ni maki nesa ba kusa ba, mijinta ya ce ba aiki, ta zauna shekara 20, ya rasu ya bar ta da yara bakwai, sai a lokacin ta zaro takardunta daga ƙasan akwati ta samu koyarwa a wata firamare mai zaman kanta. Yau ita ce da tata makarantar, aji shida da nazire, a gidan da ta gada ta fara. Wata kuma tana Saudiyya da mijinta likita tun shekarun da likitocinmu suka dinga tafiya can, in mun je Umara ita ke kawo mana tuwo da miyar kuka har masauki. Ni koyarwa na yi a kwalejin ilimi, na yi digiri na biyu ina da jikoki.

Abin da ya sa matan ba sa magana a gurup ɗin haɗaka ba talauci ba ne kawai. Wata mijinta ba ya so ya ga tana hira da mazan da suka yi makaranta tare, balle in akwai tsohon saurayi a ciki, kuma kun san akwai, ku ma kuna tsokana da "amaryar set". Wata an sake ta ba ta son tambaya. Wata ba ta haihu ba, kullum kuma hotunan jikoki ake turowa.

Mu abin da muka yi, mun ware namu na mata zalla, muna adashi, kuma muna da wani ɗan asusu da kowa ke sa abin da ya sawwaƙa duk wata, ba a sanar da wa ya ba da nawa, ma'aji da mutum biyu kawai suka sani. In an yi rasuwa ko ciwo ba a tura lambar asusun mai ciwon a gurup, mu uku ko huɗu muke tashi mu je gidan mu ajiye a ƙarƙashin filo mu taho. Zumunci a ƙafa yake, ba a sitika ba. Kuma don Allah in za ku yi taron ku yi shi da rana a gama kafin magariba, ba wadda mijinta zai bar ta ta je dina a otal a Abuja ta kwana.

Bassakwace:

Salamu alaikum. Ni kam bari in ɗan kare manyan da anka sa gaba, don ni ma ana lissafa ni cikinsu, darakta nike a ma'aikatar tarayya, set ɗin 1990 amma kimiyya na karanta.

Ku sani darakta ɗin nan da kuke gani da farar shadda shi ma ƙidayar kwana yake. Doka ta ce shekara 60 da haihuwa ko 35 da fara aiki, wadda ta riga zuwa, kuma tun 2023 anka dawo da ƙa'idar shekara 8 a kujerar darakta. Mu da munka fara aiki 1991 da 1992 duk cikin 2026 da 2027 za mu tafi, farfesoshi kuwa za su kai 70. Ranar da ka miƙa makulli motar ofis ta tafi, direba ya tafi, wayar da ke ƙara tun asuba ta yi shiru. Ga tsarin fansho na 2004, mu wani sashen aikinmu a tsohon tsari munka yi shi saura a sabo, sai an lissafo haƙƙinka na kafin 2004 an zuba a asusunka sannan kamfanin fansho ya ba ka wani kaso a dunƙule ya dinga tsakuro maka sauran duk wata. Na ga waɗanda sunka riga mu fita, wallahi wasu ba za ka gane su ba. Lokacin da munka gama makaranta dala ba ta kai naira 10 ba, a 2024 ta wuce 1,500, to da wane kuɗi ka tara na tsufa?

Sannan maganar ba mu taimakawa. Malam wayata in na buɗe ta da safe, dangin uwa da na uba da 'yan unguwa da 'yan firamare da 'yan sakandare da 'yan jami'a, kowa ɗiyansa sun gama digiri yana son in sama musu aiki, alhali ko nawa ɗiyan biyu suna gida zaune. In ka ce babu a ce ka yi girman kai. Shi ya sa wasunmu ke tura barka su gudu, don in ka tsaya hira ƙarshenta takardun yaro za a turo maka.

Amma na yarda da kai kan Abuja, kuskure ne. A kai shi Zariya. Mutanen Kano da Katsina da Sakkwato da Jos duk ta fi musu kusa, na Abuja su hau jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa su ƙarasa da mota. A ce wa mutum goma masu hali su ɗauki nauyin abinci da wuri a asirce, a sanar cewa shiga kyauta ne, a soke ankon. Kuma a hana kiran muƙami a wajen, ba ranka ya daɗe ba yallaɓai ba babban tebur, wanda anka sani da Dogo a Danfodio Hall a kira shi Dogo.

Ɗan Jos:

Sannunku 'yan uwa. Ni Kirista ne daga Filato, na gama Samaru 1989, a Akenzua na zauna. Akwai wasu masu shirun da ba wanda ya ambata, su ne irinmu da 'yan kudu da muka yi karatu tare. ABU ta lokacin ai Najeriya ce gaba ɗaya, a ɗakinmu akwai Bakano, akwai ɗan Tibi, akwai Bayerabe daga Offa, har 'yan Kamaru muna da su a aji. Rikicin Kafanchan na 1987 da ya watsu har Zariya muna makaranta aka yi, abokin ɗakina Bakanon nan shi ya raka ni har tasha, mahaifiyarsa kuma in na je hutu gidansu ɗana take ce min.

Amma gurup ɗinmu zaɓen 2023 ya kusa kashe shi. Kullum faɗan tikitin Musulmi da Musulmi, wannan ya turo bidiyo wancan ya turo nasa, mutanen da suka ci abinci a kwano ɗaya suka koma zagin juna, sama da 20 suka fita. Sai da aka sa doka, ba siyasa ba wa'azi ba turo abin da ba kai ka rubuta ba, wanda ya karya a cire shi mako guda ko shi waye, kuma wanda aka fara cirewa tsohon kwamishina ne, daga nan kowa ya shiga taitayinsa. Ku duba naku, ƙila wasu ba rashin kuɗi ya sa su shiru ba, gajiya suka yi. In kuma kun sa ranar taro kada ta faɗa Lahadi da safe ko cikin azumi.

Ni na yi ritaya daga gidan rediyo, yanzu dankalin turawa nake nomawa a wajen Bokkos in an samu zaman lafiya, in ba a samu ba a zauna a gida.

Auta:

Assalamu alaikum iyayena, ku yi haƙuri na shigo maganar manya. Abbanmu set ɗin 1988 ne, ya rasu shekara uku da suka wuce bayan ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki. Malamin sakandare ne har ya yi ritaya, kuma shi ma irin masu karantawa su yi shiru ne, ni nake riƙe masa wayar da hannunsa ya daina aiki, sai ya ce in karanto masa, yana jin suna zai ce wannan a gadona ya yi sikwatin shekara guda, wannan ni na koya masa lissafi. Na ce Abba to ka yi musu magana mana, ya ce bar su suna da hidima.

Ranar da ya rasu na sanar a gurup ɗin, ta'aziyya ta fi 300, da na ga hotunansa na samartaka da aka dinga turowa sai da na yi kuka don mu ba mu taɓa ganinsu ba. Mutum huɗu suka zo gida. Ɗaya daga cikinsu har yau shi ke biyan kuɗin makarantar ƙanina kuma ya hana mu faɗa, shi ma ba wani mai kuɗi ba ne. Abin da zan roƙa Baba mai tambaya, in kuna lissafin 'yan set ku sa da iyalan waɗanda suka rasu, ko kiran waya ne da salla ana jin daɗi. Sannan ciwon Abba abin da ya fi cin mu kuɗin magani ne, daga baya na ji hukumar inshorar lafiya ta ƙasa NHIA tana da tsarin da ƙungiya za ta iya yi wa mutanenta rajista a dunƙule, GIFSHIP ake ce masa, jihohi irin su Kano da Kaduna ma suna da nasu hukumomin. Da kuɗin anko aka yi wa marasa ƙarfi wannan da ya fi.

Ɗan Suleiman Hall:

Allah ya jiƙan Abbanku 'yata, ya sa ya huta, ya raya ku. Na gode ƙwarai jama'a. Hajiya kin kama ni, matan ajinmu 11 ne kuma uku kawai ke cikin gurup ɗin, zan roƙi ɗaya a cikinsu ta nemo sauran.

Jiya da daddare na kai wa kwamiti maganar Zariya da soke anko, an ɗan yi musu, Kwamared ya ce shi ya riga ya yi magana da otal, amma Ustaz da hakimi sun goyi bayana kuma shi hakimin ya ce abinci a wuyansa. Mun raba sunayen masu shirun, kowa ya ɗauki mutum takwas zai kira da baki. Maganar inshorar an ba wanda ya yi aikin asibiti a cikinmu ya binciko, an ce kuma in za a buɗe asusu da sunan set sai an yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, an fitar da amintattu, wanda ya taɓa yin wannan don Allah ya faɗa min nawa ya ci masa da tsawon lokacin da ya ɗauka. Yallaɓai Bassakwace, a cikin makaranta za mu nemi zaure ko a gari? Muna duba Asabar ta biyu a Disamba in ba ta ci karo da bikin 'yar wani ba.